Maganin Ƙaiƙayi da Kwanon Inna

Ni dai Allah Ya yi ni 'yar manoma, Ya aurar da ni ga manomi, sannan Ya haɗa jikina faɗa da ƙaiƙayin gero. Duk wanda ya san Matameye ya san wannan abin dariya ne. Garin da mace take wayar gari a kan sussuka ta yini a kan shiƙa, a nan aka sami wadda da zarar an kwance dami an zuba zangarniya a turmi sai hancinta ya fara zuba. Idanuna su yi jawur, in yi ta atishawa har maƙwabta su gaji da yi mini addu'a. Kafin rana ta take, wuyana da damatsana sun yi ruɗu-ruɗu da borin jini. In na sosa ya ƙaru, in na bari in ji kamar in tuɓe fatar in rataye ta a kan danga. Matan unguwa suka ce jikin 'yan birni gare ni, kuskuren gida aka yi wajen haihuwata.

Babu abin da ba a gwada ba. Uwata a Kurni ta shafa mini toka da man shanu, ta jiƙa mini saiwoyi masu ɗacin tsiya, wani malami ya yi mini rubutu na kwana bakwai. Na sha, na shafa, na ci gaba da susa. Wanda ya kawo mini sauƙi mijina ne. Shi ma kamar sauran mazan garinmu, da an rufe rumbu sai ya ɗauki ƙunshinsa ya shiga motar Kano cin rani, ya yi ga-ruwa a can har hadari ya fara haɗuwa. A dawowarsa ta biyu bayan aurenmu ya miƙo mini wani ɗan gwangwani, a ciki 'yan ƙananan ƙwayoyi ne rawaya, ko ƙwayar wake ba su kai ba. Ya ce ya tsaya a gaban mai kantin magani ya kwatanta masa yadda nake yi, har atishawar sai da ya yi masa. Na so a ce ina wurin na ga wannan abin kallo, don mutumin nan ko a gida sai an ja magana daga bakinsa.

“Ɗaya za ki sha,” in ji shi, “da magariba, ranar da abin ya taso miki kaɗai. Ya ce tana sa barci. Kar ki ƙara, ko da kin ji bai lafa da wuri ba.”

Ba a san ni da bin magana tun a faɗar farko ba, amma wannan na bi ta, don na ga amfaninta. In na sha da magariba sai susa ta kwanta, in wayi gari ido a buɗe, in iya ɗaukar taɓarya kamar kowace mace. Duk shekara sai ya ciko mini gwangwanin.

Mu biyar ne a gidan: ni, shi, 'ya'yanmu mata biyu, da uwarsa, wadda kowa ke kira Inna. Doguwar mace ce siririya, mai kaifin baki, ba ta rabo da ɓarin goro a gefen zane. Mijina ɗan farinta ne, kuma shi kaɗai ya rage mata, sauran duk ƙasa ta rufe su. Saboda alkunyar ɗan fari ban taɓa jin ta kama sunansa ba. “Wancan” take ce masa. In ya dawo daga Kano gida ya cika da murna, ita sai ta dubi ƙafarsa ta ce, “Wancan ya dawo da faso,” ta shige ɗaki. In na leƙa daga baya sai in gan ta tana share ido da bakin mayafi.

Tsakanina da ita kuma akwai kunyar surukai, irin ta da, ba irin ta yanzu ba da nake ganin yarinya tana shan rake a gaban uwar mijinta har tana miƙa mata. Shekara bakwai ban sa ko loma a bakina tana kallo ba, ita ma ban taɓa ganin ta ci ba. In na sauke tukunya sai in zuba nata a kwanonta, in rufe da faifai, in kai bakin ƙofarta in durƙusa in ce, “Inna, ga abinci,” in juya. In ta gama, yara su shiga su suɗe abin da ta rage, su fito mini da kwanon. Haka muka taso muka tarar, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba. Kar wani ya ɗauka nesa muke da juna. Ranar da ƙaiƙayi ya fi ƙarfina ita ke fitowa ta ƙwace taɓarya. “Matsa can, 'yar nan, kafin ki jiƙa mana gero da majina.” Ta sussuke, ta sheƙe, ni ina gefe ina jin kunya da daɗi a haɗe.

Sai shekarar nan ta zo. Sau uku muka yi shuka. Ta farko rana ta ƙone ta, ta biyu iska ta binne ta da rairayi, ta uku ta tashi har gwiwa ta tsaya tana jiran ruwan da bai zo ba. Kullum da la'asar maza su fita bayan gari su dubi gabas su dawo shiru. An yi roƙon ruwa ban san sau nawa ba. Lokacin kaka ya zo babu dami ko ɗaya a masussuka. Tun ina yarinya wannan ce kaka ta farko da ta wuce ban yi atishawa ba, fatata sumul. Wallahi na yi kewar ƙaiƙayi. Nakan je bakin rumbu in tura kaina ciki in shaƙa, ko zan sami abin da zai sa ni tari.

Mijina bai jira lokacin tafiya ba. Soja ke mulki a wajenmu, soja ke mulki a can, kuma na can sun rufe iyaka, mota ba ta wucewa, sai dai mutum ya bi daji da ƙafa ta wajen Dawce. Safiyar da zai tafi ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ta ce, “Allah Ya tsare,” ko fitowa ba ta yi ba. Na raka shi zaure. Ya daɗe yana gyaran igiyar ƙunshinsa, igiyar da babu abin da ya same ta, sannan ya ce, “Ga Inna nan. In dawo in same ta.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce yara ba, bai ce ni ba, ban kuma ji haushi ba, don na san yana ganin mu za mu iya, ita ce ƙarfinta ya fara tafiya. Na ce masa in Allah Ya yarda, na ɗauki maganar na ɗora wa kaina.

Awakinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya ranar kasuwa. Makiyaya na ta wucewa kudu da shanun da iska ma tana iya kayarwa. Lokaci lokaci kamyo, wato babbar motar kaya, yakan zo da buhunan jar dawa na taimako, sojoji su tsaya a gaban ofishin kumandan, a kira sunan maigida, a auna maka abin da aka auna, ka gode ka wuce. Ba a gardama, kalmar yunwa ma ba a faɗin ta da ƙarfi. Abin da muke samu ba ya kai mu rabin wata. Muka koma ci sau ɗaya a yini, bayan la'asar, tuwon jar dawa da miyar kuka in an samu, in ba a samu ba kwaɗon tafasa. Ranar kasuwa Inna takan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya gifta ta ce, “An ce wasu sun shigo daga kudu?” Ba ta taɓa faɗin wanda take nema ba.

Ana cikin haka wani Alhaji a tsakiyar gari ya buɗe tsofaffin rumbunansa, don hukuma ta matsa wa masu hatsi su fito da shi. Ya nemi mata masu sussuka, a biya su da gero da dusa. Na ɗaura zane na tafi. Matan da na tarar suka dube ni suka kwashe da dariya. “Ke? Da wannan hancin?” Na ce musu ai ba da hanci ake daka ba. Ashe tsohon gero ya fi sabo mugunta. Ƙaiƙayinsa baƙi ne, ya haɗu da garin ƙwari, yana shiga har cikin kunne. Abin da na yi ta kewa ya dawo mini ninki biyu, na koma shan ƙwayata kullum da magariba.

Wata safiya na tashi idanuna a kumbure, na ce yau kam ba zan iya jiran magariba ba. Na jefa ɗaya a baki, ciki babu komai, na tafi aiki. Turmi biyu na yi, a na uku na ji taɓarya ta yi mini nauyi, na ce bari in ɗan jingina da katanga. Ban farka ba sai da inuwa ta juya gabas. Matan sun gama, sun lulluɓe ni da zane don tsokana, wata mai tausayi a cikinsu ta ɗebo mini rabo daga nasu. Na dawo gida ina yi wa kaina dariya. Na tarar da Inna a inuwar ɗakinta tana saƙar faifai, na durƙusa na ba ta labari, don tana son labari.

“Inna, wannan ƙwaya ba ƙaiƙayi kaɗai take magani ba. Yau tun safe ban ji yunwa ba, don ban ma san ina duniya ba.”

Ta yi dariya har goro ya kusa shaƙe ta. “Raguwa ta sami dalili,” in ji ta. Sai can, idonta na kan saƙa, ta tambaye ni ina nake ajiye abin, kar yara su kai hannu. Na ce a saman ƙofar ɗakina. Wannan bakin nawa, da na san abin da zai jawo da tun ranar na ɗinke shi.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa, ni kuwa wauta ta sa na ɗauka alheri ne. Kwanon Inna yana fitowa tas, kamar an wanke. Yarana ba su zube ba kamar na maƙwabta, har wata ta tambaye ni me nake ba su. In na kai abinci na ce, “Inna, ga abinci,” sau da yawa ba a amsawa, sai babbar 'yata ta ce Kaka tana barci, in ta tashi za ta ci. Na ce tsufa ne da zafin rana. Ta riƙa neman ruwa fiye da da, tana cewa bakinta ya bushe. Rannan ta kira ni da sunan 'yarta da ta rasu tun kafin a kawo ni gidan. Wata ranar kuma la'asar ta wuce ta, matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta tashi da kiran salla. Na ga gwangwanina yana yin sauƙi a hannu, na ce ai kullum nake sha. Duk wannan ya wuce ta gaban idona, ni hankalina yana kan tiyar geron da zan kawo.

Ranar wata Talata na dawo daga aiki na tarar da babbar 'yata a ƙofar gida tana kuka. Inna ta tashi za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta, goshinta ya bugi bakin turmi. Na same ta a kwance a tsakar gida, jini ya jiƙa ɗankwalinta, idonta a buɗe amma ba ta san ni ba. Na ɗaga ta, na ji babu nauyi, ko ɗan akuya ya fi ta. A nan gabana ya faɗi. Matar da take cinye kwano tas kullum ba za ta zama haka ba.

Maƙwabcinmu ya ɗaura jakinsa a amalanke, muka kwantar da ita muka nufi gidan likita, 'yata tana bin mu da gudu. A hanya, amalanke na ta girgiza, sai Inna ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta. Sunansa na yanka, da ƙarfi, sau uku, kamar yadda uwa ke kiran yaro ya shigo gida. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, don a raina na ce shi ke nan, amanar da aka ba ni ta tafi.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, mutumin Damagaram ne, gajere, mai tabarau da saurin magana. Ya wanke goshin ya ɗinke, ya duba harshenta, ya riƙe hannunta yana kallon agogo, ya danna mararta ta yi ƙara.

“Yaushe rabonta da fitsari?”

Na ce ban sani ba. Wa ke tambayar uwar miji wannan?

“Yaushe rabonta da abinci?”

“Kullum tana ci, Majo.”

“Kin ga tana ci?”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Madam, tsohuwar nan ta yi kwanaki ba ta ci abin kirki ba. Kuma akwai abin da take sha. Wane magani gare ku a gida?”

Kafin in buɗe baki 'yata ta fashe da sabon kuka daga bakin ƙofa. Ta ce Kaka tana hawa kujera ta ɗauko maganin ƙaiƙayi in na tafi aiki, biyu-biyu take sha da azahar, ta ce musu in kwano ya zo su cinye ita ta ƙoshi, kuma kar su faɗa wa kowa. Yarinyar shekararta shida, ta riƙe wannan magana ita kaɗai kusan wata guda.

Majo ya aiki maƙwabcinmu ya ɗauko gwangwanin. Ya zuba ƙwayoyin a tafin hannu ya juya su, ya gane irinsu nan take. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya jawo benci ya ce in zauna.

“Maganin nan mai kyau ne,” in ji shi, “amma na abin da aka yi shi dominsa. Ƙaiƙayi, atishawa, borin jini, shi ke nan. Ba maganin barci ba ne, ba kuma na yunwa ba. Barcin da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Ke mai jini a jika ɗaya ta kayar da ke a bakin turmi, ina ga tsohuwa mai ciki wayam ta sha biyu? Tsofaffi yana rikita musu kai, ya busar da baki, ya riƙe fitsari, ya kayar da su. Da a bakin rijiya ta faɗi fa, ko a murhu?”

Na ce na ji. Ya ce bai gama ba.

“Ke ki ci gaba da shan naki yadda aka faɗa miki, ɗaya da magariba, in kin gama da wuta da rijiya. Kar ki ninka. Kar ki ba yaro sai kin zo kin tambaya. Kar ki ba maƙwabciya don ta ce tana susa, ba kowace susa ce irin taki ba. A wurin aiki ki rufe hanci da baki, ki ba iska baya in kina shiƙa, in kin dawo ki wanke jiki ki canza zane. Kuma ki ji wannan da kyau: ranar da kika ji leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya, kar ki tsaya jiran ƙwaya ta yi aiki, ki zo nan da gudu. Dakwar, kin gane? Gwangwanin nan kuma ya bar saman ƙofa.”

Kwana biyu Inna ta yi a can ana yi mata ƙarin ruwa. A rana ta biyu da hantsi hankalinta ya dawo sosai, ta dube ni ta dubi rufin ɗakin ta ce, “Wa ya kawo ni gidan Nasara?” Na durƙusa a gefen gadon. Ban taɓa yi mata tambaya kai tsaye ba sai ranar.

“Inna, me ya sa?”

Ta ce, “Ni na ci nawa a duniya, 'yar nan. Su ba su ci ba. Na gwada bar musu ina farke, na kasa. In idona biyu, hannuna yakan kai kwanon kafin in hana shi.”

Har yau in na tuna wannan magana sai in ajiye abin da ke hannuna.

Da muka koma gida na ƙulle gwangwanin a lalitata, inda na sa ƙafa yana nan. Amma na san ɓoye magani ba zai sa ta ci ba. Matar da ta iya wannan dabara za ta iya wata. Bayan la'asar na sauke tuwo, na zuba wa yara nasu, na haɗa nawa da nata a kwanonta, na nufi ɗakinta. Ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na shiga, na zauna a kan tabarmarta na ajiye kwanon a tsakaninmu na buɗe faifai.

“Lafiyarki?” in ji ta. “Tashi ki fita.”

“Ba zan fita ba, Inna. Loma ɗaya ni, loma ɗaya ke. In kin tsaya na tsaya. In ban ci ba kuwa gobe ba zan iya daka ba, yaran da kike tausayi su kwana haka.”

“Marar kunya. Haka aka koya muku a Kurni?”

“Na ji. Bismilla.”

Na sa hannu na yanko loma na kai baki, a gaban uwar mijina. Na naɗe hannu na jira. Ta juya fuska ga bango, ta yi ta gunaguni tana kiran Allah Ya gani mata wannan zamani. Tuwo ya fara hucewa. Can sai na ga hannunta ya lallaɓo ta baya, ba ta juyo ba, ya yanki 'yar ƙarama. Na yi ta biyu, ta yi ta biyu. Haka muka cinye kwanon, ita tana kallon bango, ni ina kallon ƙofa, hawaye na zuba mini a miya.

Kwana uku ta yi tana cin abinci da bango. A na huɗu ta juyo ta ce miyar ba gishiri. Daga nan kuma baki ya buɗe. Wata huɗu muka yi muna ci tare, kuma a duk rayuwata ban san wasu watanni da suka fi su wuya ba, ban kuma san waɗanda nake so su dawo kamar su ba. A kan kwanon nan na ji labarin yunwar da aka yi tana budurwa, da yadda naƙudar wancan ta kama ta a gonar gyaɗa, da sunayen 'ya'yanta da suka rasu ɗaya bayan ɗaya da abin da kowanne yake so. Ta iya kwaikwayon tafiyar kowa a unguwa. Tana sa mini ido ina sa mata ido, in na yanki ƙarama ta ce, “Wannan ta tsuntsu ce, ƙara.” Ta yage tsohon mayafinta ta ɗinka mini abin rufe hanci. Da magariba in na fito daga wanka sai ta ɗaga murya daga ɗaki, “Kin sha taki? Ɗaya dai, ba irin ta wasu ba.” Ƙarfinta ya riƙa dawowa a hankali, har ta koma shimfiɗa tabarmarta a ƙofar gida ranar kasuwa.

Ana saura kwanaki a fara azumi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, wata rana da hantsi muka ji sallama a zaure. Mijina ne. Ya rame, ƙafafunsa sun yi fari fat, a kansa rabin buhun garin rogo. Yara suka ruga suka rungume shi. Bai ko sauke kayan ba idonsa ya wuce ni ya tafi ƙofar ɗakin Inna. Tana nan zaune, da saƙarta a hannu. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga tabon.

“Inna, me ya sami goshinki?”

“Turmi na yi karo da shi,” in ji ta. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, na gane ba za a ƙara komai a kan wannan ba.

Da la'asar na tuƙa tuwo, na zuba a kwanonta, na tsaya a tsakar gida da shi a hannu ban san abin yi ba. Mijina yana zaune a inuwa yana wasa da yara. Na dubi ƙofar Inna. Ta ɗan ɗaga labule, ta nuna mini ƙasa da haɓa, daidai inda na saba ajiyewa shekara bakwai. Na je na durƙusa na ce, “Inna, ga abinci.” Na juya na tafi na ci nawa a bayan madafa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Damina shida ta ƙara a duniya, ba mu sake cin abinci tare ba ko sau ɗaya. Mijina ya rasu bai san komai ba, ba abin da ta sha, ba abin da muka yi. Na yi kewar matar nan tun tana raye, ɗakinta taku goma daga nawa, kuma ina kewarta yanzu irin kewar da ban yi wa uwar da ta haife ni ba, Allah Ya gafarta mini.

Amma tun daga ranar da ya dawo, kwanonta bai sake fitowa tas ba. Kullum yara sukan kawo mini shi da loma ɗaya a ciki, an yanke ta an tsoma a miya an ajiye ta a gefe. Ta gaya musu su suɗe komai, wannan dai ba tasu ba ce. Ba ta taɓa ce mini uffan a kanta ba, ni ma ban ce ba. Nakan karɓi kwanon in kai bayan madafa in cinye ta a tsaye, sannan in wanke shi.